Gem ɗin yawo da bincike da nake so, da wanda zan ba sabon shiga

Sau uku kenan ina yin kuskure iri ɗaya. Mutum ya tambaye ni wane gem zai buga, ni kuma bakina ya riga kaina in ce masa Hollow Knight, ya je ya sauke da zumuɗi, kwana biyu shiru, rana ta uku sai ga saƙo ya shigo wai “malam ina zan bi ne, na zagaye ko’ina babu hanya, anya gem ɗin nan bai lalace ba kuwa?” Na farko na yi masa dariya, na biyu na tura masa hoton taswira, da aka zo kan na uku sai jikina ya yi sanyi don na gane ni ne mai laifin. Mutumin da bai taɓa shiga ruwa ba ne nake ɗauka in jefa a tsakiyar kogi don kawai ni na iya iyo.

To bari in fara daga tushe saboda waɗanda basu san irin gem ɗin da nake magana a kai ba. Kun san Super Mario dai, ka taso daga hagu ka nufi dama, ka yi tsalle ka taka abokan gaba, ka kai tuta, a baka wani lebul ɗin, wanda ka wuce kuma ya wuce kenan. Su waɗannan ma tsalle-tsallen ne, daga gefe kake kallon ɗan wasanka, amma babu lebul, duniya guda ɗaya ce katuwa mai ɗakuna da ramuka da hanyoyi duk a haɗe da juna, kuma tun a minti goman farko za a fara nuna maka wuraren da baka isa ka shiga ba. Ga wani tudu da tsallenka bai kai ba, ga wani ɗan rami da jikinka ya fi ƙarfinsa, ga ƙofa mai wani launi da ka harba ka harba ta ƙi buɗewa. Sai ka haƙura ka wuce. Can bayan awa biyu ka kashe wani bos, wato babban abokin gaba, a baka ikon tsalle sau biyu a sama, nan take sai kwakwalwarka ta yi wani tsam, ka tuna tudun nan na baya. Wannan tunowar ita ce gem ɗin gaba ɗaya a wajena, duk sauran abubuwan ado ne.

Sunan da aka fi saninsu da shi Metroidvania, an ɗauko rabin sunan Metroid na Nintendo aka liƙa da rabin Castlevania na Konami. Sunan bashi da daɗin faɗa ko kaɗan kuma kullum ana musu a kansa, amma ya riga ya bi su.

Metroid na farko ya fito a 1986, na buga shi don girmamawa kawai, gaskiya ba zan ce wa kowa ya fara da shi ba, babu taswira a ciki kuma ɗakunan duk kamarsu ɗaya, sai ka yi ta zagaye kamar wanda aka yi wa kurciya. Wanda ya kafa harsashin da kowa yake gini a kai shi ne Super Metroid na 1994 a kan SNES, tsohuwar na’urar gem ta Nintendo. Abin da yake bani mamaki da gem ɗin nan har yau shi ne yadda yake koyar da kai ba tare da ya ce maka uffan ba. Ƙofa shuɗiya kowace harbi tana buɗe ta, ja sai da mizayil biyar, koriya sai babban mizayil, mai ruwan ɗorawa sai babban bam, kuma babu wanda ya tsaya ya karanta maka wannan, da idonka zaka gane. Akwai wani rami a yankin Brinstar da in ka faɗa ciki zaka tarar da wasu ƙananan halittu guda uku suna ta tsalle daga bango zuwa bango suna hayewa sama, su dawo su sake, su dawo su sake, kai kuma kana tsaye kana jin haushi ka rasa hanyar fita, sai can ka fahimci ai nuna maka suke yi, kai ma ka iya wannan tsallen tun farkon gem ɗin baka sani ba ne kawai. Ranar da na gane haka sai da na ajiye kontirola na yi shiru na ɗan lokaci.

Haka kuma wata gada da take ruftawa in ka taka ta a hankali, mutane da yawa sun maƙale a wajen saboda basu san akwai madannin gudu ba, ni ma ina cikinsu ba zan ɓoye ba. Da wani bututun gilashi da kake bi ta cikinsa sau da yawa kana hango ruwan Maridia ta waje, ashe in ka ajiye babban bam a ciki fashewa yake yi ya buɗe maka yankin. Samus, jarumar da kake bugawa a Super Metroid, tana da ɗan nauyi a hannu, tsallenta kamar tana shawagi, wanda ya saba da gem ɗin zamani sai ya yi awa guda kafin hannunsa ya faɗa, shi ya sa duk son da nake masa ba shi nake miƙa wa sabon shiga da farko ba.

Ɗaya uban gidan shi ne Castlevania: Symphony of the Night na 1997 a PlayStation ta farko, wanda sunan Koji Igarashi ya fito ta dalilinsa. Shi ya kawo tsarin ƙara ƙarfi, kana kashe dodanni lebul ɗinka yana hawa, kana tsintar takubba da garkuwa da zobba kana sakawa. Wannan yana da amfani sosai ga wanda hannunsa bai ƙware ba, don in bos ya gagare ka sai ka je ka yi ta yawo ka ƙara ƙarfi ka dawo ka murƙushe shi. Kana buga Alucard ɗan Dracula, ka shigo fadar da kaya masu ƙarfi kana ta yanka komai kamar wasa, minti kaɗan sai Mutuwa ta tare ka ta kwashe kayan duka ta barka da hannu. Daga baya ka samu ikon rikiɗa ka koma jemage ko kerkeci ko hazo, kowanne yana buɗe wani ɓangare. Babban abin kuwa, wanda yanzu ba sirri ba ne bayan shekara kusan talatin, in ka bi hanyar da ta dace a faɗan da kake zaton shi ne na ƙarshe, sai wata fadar ta biyu ta bayyana, irin ta farkon sak amma a kife, rufi ya koma ƙasa ƙasa ta koma rufi, shi ya sa cikakkiyar taswirar gem ɗin take kaiwa kashi 200.6 cikin ɗari. Akwai mutanen da suka kashe bos ɗin farkon suka ga rubutun ƙarshe suka kashe na’ura suna murna, basu san rabin gem ɗin suka bari ba. Fadar ta biyun dai in za a faɗi gaskiya bata kai ta farko tsari ba, wasu wuraren kana ji ka san ba don a bi su a kife aka zana su ba, amma tunanin kansa ya isa a sara masa.

Sai Hollow Knight, wanda shi ne na ɗaya a zuciyata kuma bana jin za a ture shi nan kusa. Team Cherry ne suka yi shi, ɗan ƙaramin kamfani a Adelaide ta Ostareliya, mutane uku kacal, ya fito a 2017. Kai ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai riƙe da ƙusa a matsayin takobi, ka sauka cikin Hallownest, wata daular ƙwari da ta ruguje a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya sa yake korar sabbin shiga shi ne dai abin da ya sa nake sonsa, wato yadda yake yi da taswira. In ka shiga sabon yanki baka da taswirarsa sam, sai ka nemo Cornifer, wani ƙwaro mai zane, ta hanyar bin takardun da ya zubar a ƙasa da jin ɗan ƙugin waƙar da yake yi a maƙoshi, ka saya a wajensa, kuma abin da zai baka ma rabi ne. Sauran kai zaka cike, shi ma sai ka sayi alƙalami a shagon matarsa Iselda a Dirtmouth, ɗan ƙauyen da yake saman daular, kuma ba ya rubutuwa sai ka samu benci ka zauna. Ko ɗigon da zai nuna maka inda kake tsaye a taswirar sai ka sayi wani kambu ka ɗaura, ya cinye maka gurbi guda da da ka saka abin faɗa a ciki. Wallahi duk wanda ya buga gem ɗin nan ya san irin sanyin da yake ji a ransa in yana saura rai ɗaya a baƙon waje mai duhu sai ya jiyo muryar Cornifer daga nesa.

In ka mutu kuma kuɗinka duka, Geo ake ce musu, suna zama a wajen tare da inuwarka, sai ka koma ka kashe inuwar ka karɓo, in ka sake mutuwa a hanya sun tafi kenan. Na taɓa asarar wajen dubu biyu a Deepnest, wajen gizo-gizo da duhu da ƙasa mai ruftawa, ban shiga da niyya ba faɗawa na yi, ranar ban sake taɓa gem ɗin ba sai da aka kwana biyu. Bayan nan na ce na yi wayo, na samu wata mai banki kusa da Queen’s Station na zuba mata dukiyata don kar in sake asara. Wanda ya sani ya sani, ba zan ƙara komai ba, kawai dai in kun haɗu da ita daga baya a wajen wanka kar ku tausaya mata.

Amma fa abin da ya sa na yafe masa duk wannan shi ne duniyar tana da hankali. Akwai birnin da ake kira City of Tears inda ruwan sama yake zuba ba tsayawa, ka yi ta mamaki ya za a yi ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa, sai bayan awanni masu yawa ka ɓulla wani waje can sama ka tarar da wani katon tafki shuɗi shiru babu ko abokin gaba ɗaya, ka buɗe taswira ka ga ashe daidai saman birnin yake, ruwansa ne yake tsiyaya ta cikin dutse. Babu wanda ya ja ka ya nuna maka. Faɗan Mantis Lords ma haka, sun kashe ni ya fi sau goma sha biyar, da na ci su sai suka miƙe suka rusuna min, daga ranar duk mayaƙan ƙauyensu suka daina kai min hari suna gaishe ni in na wuce. Ga kiɗan Christopher Larkin da har yanzu nake kunnawa in ina aiki.

To in ba shi ba, da wanne sabon shiga zai fara? Amsata yanzu Prince of Persia: The Lost Crown, na Ubisoft reshen Montpellier a Faransa, wanda ya fito a Janairun 2024. Kana buga wani jarumi Sargon da ya shiga Dutsen Ƙaf neman yariman da aka sace. Dalilina ɗaya ne babba, sun magance matsalar da ta fi kashe wa sabbin shiga gwiwa, wato mantuwa. In ka ga wajen da baka isa ka shiga ba, ka danna madanni ɗaya gem ɗin ya ɗauki hoton wajen ya liƙa a kan taswirarka, gobe in ka samu sabon iko sai ka buɗe taswira ka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ka ga wanne ne ya dace, ba sai ka yi tattaki tun daga ƙarshen duniya ka je ka tarar ashe ba wannan ba ne. Inaga duk gem ɗin da zai zo nan gaba ya kamata ya kwafi wannan ba kunya. Bayan haka kana iya zaɓar a riƙa nuna maka inda zaka nufa ko a barka ka nema da kanka, kana iya rage ƙarfin dukan abokan gaba, ka faɗaɗa lokacin tare sara, har wuraren tsalle masu wuya akwai saitin da zai baka ƙofar tsallake su. Kuma duk da wannan sauƙin gem ɗin ba na yara ba ne, faɗansa yana da zafi, akwai wani iko da kake ajiye inuwarka a waje ka yi gaba sannan ka koma inda take cikin ƙiftawar ido, wasanin da suka gina a kan wannan sai ka zauna ka yi tunani sosai.

Na biyu, kuma shi nake ba wanda bai saba riƙe kontirola ba kwata-kwata, SteamWorld Dig 2 na 2017 daga wani kamfanin Suwidin mai suna Image & Form. Ke wata mutum-mutumi ce Dorothy, kina haƙa ƙasa da diga kina tara ma’adanai, jaka ta cika ki hau gari ki sayar ki gyara kayan aiki ki koma. Daɗinsa shi ne hanyar da zaka bi kai ne kake haƙa ta da hannunka, saboda haka ɓata yana da wuya, in ka ruɗe ka nufi ƙasa kawai. A hankali a baka ƙugiya mai igiya, a baka injin tashi sama, ba ka ankara ba ka koyi ɗabi’ar komawa baya neman abin da ka wuce. Ni a wajen awa tara na gama shi, ba ya cin rai.

Ori kuma daban ne. Ori and the Blind Forest na 2015 da Ori and the Will of the Wisps na 2020, duka na Moon Studios, su ne mafi kyawun gani a cikin duk waɗanda na lissafo, kowane waje kamar zanen da aka yi da hannu, kuma minti goman farko na na ɗayan ya sa manya da yawa share ido a ɓoye. Sai dai kar kyan ya ruɗe ku, na farkon yana da mugunta. Kai kake ajiye wajen sebin ɗinka, wato inda gem ɗin zai adana inda ka kai, da kanka da ƙarfin da ka tara, in ka manta baka ajiye ba ka mutu sai ka koma can baya, ga kuma gudun tsira a cikin bishiyar Ginso inda ruwa yake taso maka daga ƙasa kana hawa ba wajen hutawa, kuskure ɗaya ka koma farko. Na mutu a nan har na daina ƙirgawa. Amma a cikin bishiyar ne ake baka Bash, ikon da kake kama harsashin abokin gaba ko fitila a sama lokaci ya tsaya cak ka zaɓi inda zaka cilla kanka shi kuma harsashin ya tafi ɗaya ɓangaren, daga ranar abokan gaba sun zama matakala, ban taɓa jin motsi mai daɗin wannan a wani gem ba. Ga sabon shiga na biyun ya fi sauƙin shiga don yana sebin da kansa kuma faɗansa ya fi kyau, labarin ne kawai zai ɗan rage armashi in baka ga na farko ba.

Wanda yake da na’urar Nintendo Switch kuma ga Metroid Dread na Oktoban 2021, MercurySteam na Sifaniya suka yi shi tare da Nintendo. Shi wayonsa shi ne yana jan ka da igiyar da baka gani, ya rufe wannan hanyar a bayanka ya buɗe waccan, kai kana ganin kai ne gwanin gano hanya alhali kora ka ake yi kamar akuya. Tsofaffin ’yan wasa wasu basa son haka, ni kuwa ina ganin ga mai koyo alheri ne. Abin da zai iya korar mutum shi ne EMMI, wasu mutum-mutumi guda bakwai da suke farautarka a yankunansu, bindigarka bata yi musu komai, in sun kama ka kusan ka mutu kenan, amma ana mayar da kai bakin ƙofar yankin ne ba nesa ba. Daga baya ma sun ƙara yanayin masu koyo a 2022, ba abin kunya ba ne ka zaɓe shi.

Guacamelee na 2013 shi ma yana da kyau musamman in ku biyu ne zaku buga tare, jarumin ɗan kokawar Meziko ne mai rufe fuska, barkwanci ya yi yawa a ciki, kuma katangun da suka tare hanya launinsu ɗaya da dukan da yake fasa su, har a taswira ana nuna su, babu wahalar tunani. Akwai kuma Yoku’s Island Express na 2018 inda kake buga buzuzu mai raba wasiƙu, babu tsalle ma sam, da ƙwallo ake cilla ka ko’ina, ba a mutuwa a ciki, yaro ma zai iya.

Masu waya kar ku ce an manta da ku. Symphony of the Night yana kan Android da iPhone tun 2020, The Lost Crown ma ya sauka a waya a 2025, ga Swordigo na 2012 wanda tsoho ne amma ƙarami ne kuma kusan kowace waya tana ɗaukarsa, da Dandara na wasu ’yan Birazil wanda tun asali an tsara shi da taɓa gilashi a rai, ba tafiya ake yi a ciki ba, daga bango ake dira zuwa bango. Shawarata dai in da hali a haɗa kontirola ta Bluetooth, don irin waɗannan gem ɗin suna son yatsa ya ji madanni, a kan gilashi sai ka yi ta faɗawa rami kana zagin gem ɗin alhali babban yatsanka ne ya zame.

Akwai waɗanda nake so sosai amma ba zan ba mai farawa ba ko ya roƙe ni. Hollow Knight: Silksong da aka sanar tun Fabrairun 2019 mutane suka yi ta jira har abin ya zama abin barkwanci, ya fito ranar 4 ga Satumban 2025, yana da kyau matuƙa, Hornet, jarumar da kake bugawa, tana da sauri da kaifi, amma abokan gaba da yawa rai biyu suke cire maka a duka ɗaya, wasu bencin ma sai ka biya kafin ka zauna, an yi shi ne don waɗanda suka gama na farko suna neman ƙari. Nine Sols na 2024 daga Taiwan kuma in baka iya tare sara a daidai lokaci ba ko ƙofar farko ba zaka wuce da daɗi ba. Sai Animal Well, shi ma 2024, mutum ɗaya Billy Basso ya yi shi, girmansa a kwamfuta bai kai megabait 40 ba, ba a baka makami, kayan wasan yara ake baka irin su yoyo da faifai da sandar hura kumfa da sarewa, kowanne kuma yana da amfani uku ko huɗu da ba za a faɗa maka ba. Wannan sai wanda ya riga ya kamu da cutar zargin kowane bango. Dead Cells kuwa da ake yawan sakawa a wannan layin, ni ban yarda ba, gem ne mai daɗi amma duk mutuwa taswirar sake shiryuwa take yi, to in wajen da ka sani jiya babu shi yau me zaka tuna ka koma?

Wanda zai fara, ga ɗan abin da na koya da wuya. In ka samu sabon iko kar ka yi gaba da gudu, tsaya ka buɗe taswira ka tambayi kanka ina da ina na ga abin da wannan zai buɗe, yawanci hanyar gaba tana baya ne. Duba gefen ɗakuna a taswira, duk inda layin bango ya yanke akwai ƙofar da baka bi ba. Ɗakin da ka shiga ka tarar babu komai kuma babu mafita, zarge shi, masu yin gem basa ɓata lokacinsu su zana ɗaki a banza, doki bangon, sa bam a ƙasa, yi tsalle ka taɓa rufin. In gem ɗin yana bada alamar liƙawa a taswira yi amfani da ita, in babu ɗauki hoton skirin ko ka rubuta a takarda, ni har yau akwai wani tsohon littafi da na cika da zane-zanen banza irin “ƙofa ja, hagu da wajen sebin, ƙasan ruwa”. In bos ya kashe ka sau goma ba dole sai shi ba yanzu, tafi wani wajen ka samo ƙarin rai ka dawo, sau da yawa ma zaka tarar akwai wata hanyar da bata bi ta kansa ba.

Maganar duba YouTube kuma, ni ba na cikin masu cewa haramun ne. Dokata ita ce minti talatin, in na yi rabin awa ina zagaye ban ga sabon ɗaki ko ɗaya ba kuma na fara jin haushi, sai in duba abu ɗaya tak, wato wane yanki zan nufa, in rufe kafin in ga abin da yake can. Wanda ya ajiye bidiyo a gefe yana bi taki bayan taki zai gama gem ɗin amma aikin ɗan aike ya yi. Kuma kar ka ce sai ka tattara komai ɗari bisa ɗari a gem ɗinka na farko, nan ne mutane suke ƙonewa su tsani abin baki ɗaya.

Abu na ƙarshe da ba a cika faɗa ba, kar ka ajiye irin wannan gem ɗin sati uku ka ce zaka dawo ka ci gaba. Taswirar gaskiya a kanka take, ta skirin tunatarwa ce kawai, kuma tana gogewa da sauri. Haka ta faru da ni a Axiom Verge, wanda Thomas Happ ya yi shi kaɗai ya fitar a 2015, na kai wajen rabi sai wasu ayyuka suka taso na ajiye shi wata biyu, da na dawo na tarar da kaina tsaye a wani ɗaki ja da bindigogi wajen goma ban san wacce take yin me ba, ban san daga ina na fito ba balle inda zani. Na yi kwana biyu ina bulayi, ƙarshe na goge sebin ɗin na faro daga farko, kuma abin haushi abin dariya cikin awa huɗu na dawo inda na tsaya, na tarar ashe hanyar tana ɗakin da yake maƙwabtaka da wanda na bari, wani ɗan rami ne a ƙasan bango da ɗan jirgin leƙen asirina yake shiga, na wuce shi ya fi sau ashirin.

Shi wancan na ukun da na jefa a Hollow Knight, na ce ya ajiye ya buga SteamWorld Dig 2 tukunna, ya gama ya bi da Ori na biyu. Makon jiya ya koma Hallownest da kansa ban ce masa komai ba, jiya da daddare ya turo min hoton bencin Queen’s Station yana tambaya wai akwai wata mata a nan kusa mai ajiye wa mutane kuɗi, ya zuba nasa ko kar ya zuba. Na ce masa ya zuba.